Giyar Malam Ila a Kan Tabarmi Uku

Ka san ƙarfe nawa ne a cikin giyar mota otomatik in an kwance ta ɗaya bayan ɗaya? Ni na sani, don na ƙirga: ɗari uku da tamanin da shida, ban da notocin waje. A zauren Malam Isma'ila na ƙirga su, nan Kurmin Mashi, gida biyu ne tsakaninmu. Sana'ata buga bulo ce, kuma wanda ya shekara goma sha biyar yana lissafin bulo nawa buhun siminti zai fitar, ƙirge ya riga ya zame masa jiki. Don haka duk adadin da ka gani a nan ka riƙe shi, ba ƙiyasi na yi ba.

Malam Ila, yadda kowa ke kiransa, mai gyaran keken ɗinki ne. Shekararsa hamsin da takwas, talatin da huɗu daga ciki a kan wannan sana'ar. Bai taɓa kama shago ba, shi yake bin teloli inda suke. Shaguna ashirin da uku yake zagayawa, daga Unguwar Sarki zuwa Kawo zuwa Rafin Guza. Keken da zai gyaru a wurin ya gyara shi, wanda ya ƙi ya cire kansa a sa masa a but ɗin motarsa ya kawo gida. Shekara biyar da suka wuce ciwon suga ya ci ƙafarsa ta hagu, aka yanke ta ƙasa da gwiwa. Da sanduna biyu yake tafiya. Kan keken ɗinki kuwa kilo goma sha huɗu ne, na ɗora a sikeli na gani. Mai sanduna biyu ba shi da hannun ɗaukar wannan ya hau napep.

Mota ce ta riƙe masa sana'ar. Tsohuwa ce 'yar Japan, ƙirar 1998, ruwan toka. Gadon mahaifinsu ce shi da ƙanensa Kabir, ba a raba ba, aka bar ta a hannunsa saboda otomatik ce. Totur da birki ne kawai, ƙafa ɗaya ta ishe su.

Bara da damina giyar ta fara sulɓewa. Ka taka totur inji ya yi ta ihu, motar kuwa kamar an riƙe ta ta baya. Na raka shi garejin wani bakanike ana ce masa Yalwa. Yalwa ya zaro sandar auna mai, ya shinshina, ya yamutsa fuska.

"Baba, wannan giyar ta gama aiki. Faibar ciki ta cinye."

"To a buɗe a sa sabuwa mana."

"Wa zai buɗe? Mu nan ba ma buɗe otomatik. Ko dai a sa ta Beljiyam, ko a mayar da motar manuwal ka huta har abada."

"Manuwal? Da wace ƙafar zan taka kuloci?"

Yalwa ya dubi inda aka naɗe ƙafar wandon aka soke da fil. "Au. To ai sai ka ɗau direba, Baba. Manya ma ba sa tuƙa kansu."

Masu zaman gareji suka bushe da dariya.

Ta Beljiyam, wato tsohuwar da aka ciro daga wata motar a ƙasar waje, tsadarta ta fi ƙarfinsa. Manuwal kuwa ita Kabir yake so. Shi ɗan shekara arba'in da ɗaya ne, direba, wata takwas ba aiki, kuma ya daɗe yana cewa motar nan kan hanyar Zariya ya kamata a ce tana ɗibar fasinja. Ya kai maganar gaban kawunsu. Kawu ya yanke: kwana talatin. In motar ta je bakin titi ta dawo da ƙafarta a matsayin otomatik, tana nan hannun Ila. In ta kasa, a mayar da ita manuwal a ba Kabir.

"Ni zan buɗe ta da kaina," in ji Malam Ila.

"Haba Yaya. Keken ɗinki daban, mota daban. Wannan ba zare ne ya sarƙe ba."

"Ƙarfe ne dai. Mutum ne ya haɗa shi."

Mu huɗu muka sauke giyar, da jak biyu da bulo takwas daga wurin aikina. Kwana biyu ta ci mana. Muka kinkime ta zuwa zaure, shi kuma ya zauna a ƙasa ya miƙe dungulminsa, ya shimfiɗa tabarmin roba uku: koriya, shuɗiya, da wata mai ratsin ja.

A nan na ga aiki. Duk abin da ya fara fitowa sai ya ajiye shi a kusurwar dama ta sama, na biyu ya bi shi ta hagu, haka har layi ya cika ya sauko, kamar mai rubutu a allo. Kowane ƙarfe yana kallon inda yake kallo sa'ad da yake ciki. In an zo haɗawa, daga na ƙarshe za a faro a koma baya. Haka yake yi wa keken ɗinki tun yana saurayi. Na ce ya bari in riƙa ɗaukar hoto da waya kafin a cire kowane abu. Ya bar ni na ɗau shida, sannan ya ce in daina tsayar masa da aiki.

"Mai bulo, idona ba ya ganin abin cikin wayar nan taku. Ban taɓa rubuta komai ba, ban taɓa ɓata keken kowa ba. Tabarma ce littafina."

Ya wanke komai da fetur, da tsohon buroshin haƙori. Faibar da Yalwa ya faɗa wasu siraran faya-faye ne masu kama juna su tura mota. Goma sha bakwai ne, sha ɗaya sun cinye sun yi baƙi ƙirin. Na je masa kasuwar kayan gyara ta Panteka sau uku kafin na haɗo sababbi da robobinsu. Akwai kuma wani faifan ƙarfe mai hanyoyi birjik, inda mai ke bi ya canja giya, shi ya sa masa suna gidan gara. A cikinsa akwai sifirin, 'yan murɗaɗɗun wayoyin nan masu lotsawa, goma sha huɗu, ka rantse iri ɗaya ne alhali kowane da tsawonsa, da 'yan ƙwallayen ƙarfe tara, kowace ba ta wuce ƙwayar dawa ba. Ramukan da ƙwallo zai iya zama sun kai ashirin da ɗaya, tara ne kawai nasu. Malam Ila ya zauna ya jera su a kan saƙar koriyar tabarma daidai da yadda suke zaune a gidan garar, ya danna kowace cikin ɗan maiƙo kar ta gangara.

Matarsa Asabe ta daina sharar zauren. Ta kulle kajinta a akurki, ita kanta jikin bango take bi in za ta fita. Ran kwana na goma sha shida komai ya wanku, sababbin faiba suna jiƙe cikin jan man giya. Da lissafina kwana biyar ya rage masa ya haɗa, biyu a ɗora, saura kwana bakwai rara. Ranar na ji yana ce wa Asabe ta gaya wa 'yar'uwarta ta Kawo suna nan zuwa ran Juma'a ta sama, kuma ba a napep ba.

Kwana na goma sha bakwai Talata ce, ranar ganin likitansa. Ya fita ƙarfe bakwai na safe. Takwas da rabi Malam Haruna ya rasu, malamin makarantar allo na ƙarshen layinmu, wanda ya shekara arba'in yana karantarwa. Kafin goma layi ya cika, ɗalibansa na da, masu gemu da furfura, suna ta sauka daga ko'ina. Tabarmin masallaci suka ƙare. Ka kuwa san yadda muke: in aka yi rasuwa a layi, tabarmar zaure ba ta da mai ita. Ba a tambaya, ba a hanawa.

Kabir ne ya ce shi zai tattaro. Ya shiga zauren yayansa da baƙi biyu daga cikin masu zuwa jana'iza. Asabe ta ji motsi daga tsakar gida, ta leƙo ta bayan labule, ta ga maza baƙi, ba ta da hijabi a jiki.

"Kabiru! Kayan yayanka ne a kai!"

"Haba Anti. Mutum ya mutu kina maganar ƙarfe?"

Ta ruga ɗaki ɗauko hijabi. Kafin ta fito sun kama kusurwoyi sun juye tabarmi uku cikin daron wankinta, sun karkaɗe, sun fice.

Ni ina maƙabarta lokacin. Da muka dawo na hango tabarmin shimfiɗe a gindin dalbejiya, na gane su da jan tabon mai. Ƙarfe ɗaya da kwata napep ta sauke Malam Ila a bakin layi, aka gaya masa rasuwar, bai ko shiga gida ba ya nufo wurin gaisuwa. Aka matsa masa. A kan koriyar ya zauna. Ya dafa hannu zai gyara zama, ya ɗago tafinsa ya duba, ya kai hanci. Sannan ya dubi shuɗiyar, ya dubi mai ratsin ja. Mutum ashirin da bakwai ne zaune a kansu.

Kabir ya durƙuso kusa da shi, da murya yadda kowa zai ji.

"Yaya, Allah ya ba ka lada, tabarminka sun yi rana. Kayanka kuma kar ka damu, ban zubar da ko ɗaya ba. Wuri ɗaya na tara maka su."

Liman ya ce a yi salati, kowa ya ɗaga hannu, Malam Ila ma ya ɗaga nasa mai maiƙo.

"Allah ya jiƙan Malam," ya ce. Me zai ce? Wa zai buɗe baki a zaman makoki ya yi ƙorafin sifirin?

Ko da gangan Kabir ya yi, ban shiga zuciyarsa ba. Abin da na sani, gidaje goma sha huɗu ne masu zaure a layinmu, biyar daga ciki ba wanda ya taka su neman tabarma a ranar. Na bi na tambaya.

Kwana uku na makoki suka tafi a banza, don maƙwabcin shekara talatin ba zai zauna yana ƙwanƙwasa ƙarfe ana karɓar gaisuwa a ƙofar gida ba. Ran na ashirin muka juye daron. Na ƙirga sau uku, ɗari uku da tamanin da biyar. Ƙwallo ɗaya babu. Muka kwashe ƙasar zauren bokiti shida, Asabe ta tankaɗe da rariyarta. Na ɓalle maganaɗisun wata tsohuwar lasifika na bi kowane lungu. Allura uku muka samu da noti biyu na keken ɗinki. Na koma Panteka, na tambayi shago goma sha ɗaya, kowa ya ce ba a sayar da ƙwallo ɗaya, sai dai gidan garar gaba ɗaya, shi ma na irin motar babu a ƙasa. A ƙarshe Malam Ila ya fasa boris ɗin keken hawa ya zaɓi wadda ta fi kama cikin ƙwallayensa. A ido dai ba ka bambanta su.

Ƙwallon ma ƙaramar matsala ce. Babbar ita ce wane rami, wane sifirin, wane zoben ƙarfe ne ke gaba, wace fuska ke kallon sama. Hotuna shida da na ɗauka, huɗu na bayan giyar ne. Ya aika wa kawu a ƙara masa ko kwana ukun makoki. Kabir ya riga ɗan aiken isa can.

"Kawu, a gabanka aka yi alkawari. In aka ƙara uku gobe zai ce goma. Ni ma iyali gare ni."

Ba a ƙara ba.

Sau huɗu ya haɗa gidan garar ya sake kwancewa. Yana ɗaga sifirin biyu a hasken ƙofa, ya runtse ido, ya ajiye, ya sake ɗauka. Abinci ya yi ta hucewa a gefensa. Ran nan Kabir ya tsaya a ƙofar zaure yana sakace.

"Yaya, in ta ƙi zama giya ai sai ka haɗa mana injin markaɗe. Anti ta huta da zuwa layi."

Ran ashirin da takwas muka ɗora giyar, ran ashirin da tara aka zuba mai lita bakwai.

Kwana na talatin Litinin ce. Bayan la'asar aka fito wa kawu da kujera. Benci biyu na mai shayi suka tashi gaba ɗaya suka dawo ƙofar gidan, na ƙirga mutum arba'in da huɗu. Daga nan zuwa bakin titi taku ɗari huɗu da hamsin ne. Malam Ila ya sa farar riga. Ya jingine sandunansa a bangon zaure, ya dafa ƙofar motar ya yi tsalle ɗaya ya shiga. Ya tayar. Ya sa ribas, ta shiga a hankali ba ko gargada, motar ta ja baya sumul. Na ga haƙoransa. Wani ya ce, "Kai! Tsoho ya yi ta fa."

Ya sa ta gaba. Ta tafi. Ina binta a ƙafa ina ƙirga. Taku ɗari, inji ya fara ɗaga murya, lokacin da ya kamata ta canja zuwa giya ta biyu, ta ƙi. Ɗari biyu, ta fizga sau biyu kamar an shaƙe ta. Sai ƙauri. A taku ɗari uku da goma ta tsaya, inji na kuka, taya ba ta motsi. Na zaro sandar mai. Jan man da muka zuba jiya ya koma ruwan ƙasa, yana hayaƙi. Sababbin faiban sun ƙone.

"Malam Ila, ka manta ba ka sa mata zare ba!"

"A juya mata hannu mana, ai keke ce!"

"Baya take so. Ka riƙa zuwa Kawo da ribas, wa ya hana ka?"

Mu shida muka turo ta, yana ciki riƙe da sitiyari, yana kallon gaba. Da muka iso ƙofar gida bai iya fita ba, sandunan suna can jikin bango. Kabir ne ya ɗauko su. Ya zo taga ya tsaya, ya riƙe su a hannun hagu, ya miƙa tafin dama.

"Makulli tukuna, Yaya."

Malam Ila ya dubi kawu. Kawu yana gyara hularsa. Ya zare makullin ya sa a tafin ƙanensa, sannan aka ba shi sandunansa.

Kwana huɗu Yalwa ya yi, motar ta dawo da abin takawa uku. Ko ƙwallon keken ne ya ja, ko sifirin ne ya shiga ramin wani, ba wanda ya sani, don tsohuwar giyar 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe suka kwashe. Ni dai har gobe ina nan a kan cewa aikin nan yana yiwuwa a gida, kuma mutumin nan ya iya shi. Na ga ribas ɗin da idona. Teburi ya rasa, da ɗaki mai ƙofa.

Cikin wata huɗu shagunansa ashirin da uku suka koma biyar, su ne masu iya kawo masa keke har gida. Sauran wani mai gyara da ke yawo a babur ya ɗauke su. Kabir ya ce duk inda yake son zuwa ya riƙa faɗa tun da wuri. Sau biyu ya kai shi. A na biyun ya sauke shi a Rafin Guza ya ce yana zuwa, ya samu fasinjan Zariya ya wuce. Awa biyar Malam Ila yana zaune a dakalin wani tela.

Wata safiya ina fitowa na ga Kabir ya tayar da motar tana ɗumi ya shiga gida karyawa. Malam Ila ya fito daga zaure, ya duba hagu da dama, ya buɗe ƙofar direba ya zauna. Ya ja sanda ɗaya ciki, ya dasa bakinta a kan kuloci, ya danna da hannun hagu, ya miƙa na dama ya sa giya. Ya taka totur, ya fara sassauta sandar. Robar bakinta ta zame. Motar ta yi tsalle ta mutu. Ya sake tayarwa, ta sake tsalle. Kabir ya fito da kofin shayi a hannu, ya jingina da bango, ya yafito masu wucewa.

"Ku bar shi, ku bar shi. Direba ne babba, gwaji yake."

Sau biyar ya yi. A na biyar sandar ta kuɓuce ta bugi haɓarsa, jini ya ɗiga a kan riga. Kabir ya shanye shayinsa, ya miƙa wa Asabe kofin ta bayan labule, ya buɗe ƙofar motar.

"Ka gama? Fasinja na jira."

Ya fito.

In kana da mota manuwal, ga abin da nake roƙonka. Ka nemi fili inda ba mutane, ka lanƙwashe ƙafarka ta hagu ƙarƙashin kujera, ka tashi motar ka kai ta giya ta biyu da ƙafar dama kaɗai. Ka yi amfani da sanda, ko igiya, ko duk abin da kanka ya ba ka. Ni na gwada da motar ɗaukar bulona sau goma sha ɗaya, sau goma sha ɗaya ta mutu, amma wataƙila ka fi ni dabara. Ka gwada. In ta tafi, ka zo Kurmin Mashi ka tambayi gidan Ila mai gyaran keke, za ka same shi a zaure, ka nuna masa yadda ka yi.